Wanda Ya Ɗaure Kura: Martani Kan Kayan Gano Kuskure a Manhajojin Burauza

Na karanta rubutun wani babban yayanmu a sana'ar rubuta manhaja, mutumin da ya riga ni fara taɓa kwamfuta da shekaru masu yawa. A ciki ya yi kira ga masu gina firamwok na burauza da su daina zuba ƙarfinsu wajen ƙera kayan bin diddigin kuskure. A ganinsa burauza ta riga ta zo da nata kayan, ƙwararre kuwa console.log kaɗai, umarnin da ke rubuto masa saƙo a wata tagar burauza da ake kira konsol, ta ishe shi, sauran tarkacen ragwantar da yara suke yi. Ya ƙara da cewa kayan nan ba sa daɗewa suke lalacewa, kuma kula da su yana cinye lokacin da ya kamata a ba wa sauri da sababbin abubuwa. Malam, ina girmama ka, amma a nan ban yarda da kai ba, kuma zan faɗi dalili.

Ga mai karatun da wannan ba fanninsa ba ne: firamwok, irin su React da Angular da Vue, ginshiƙai ne da wasu suka riga suka kafa, mai rubuta manhaja ya zo ya ɗora ɗakinsa a kai maimakon ya fara daga haƙa harsashi. Da yawa daga cikin manyan shafukan da muke buɗewa a waya, na banki ko na makaranta ko na ciniki, a kan irinsu suke zaune.

Abin da rubutun naka ya tsallake shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya rubuta da abin da burauza take gudanarwa. A zamanin da ka koyi aikin, tazarar nan babu ita. Ka rubuta JavaScript a fayil, burauza ta karanta wannan fayil ɗin, idan ta yi tuntuɓe ta ce maka layi kaza, ka je layi kaza ka ga abin da hannunka ya rubuta. Yau yaron da ke aiki da React ko Angular yakan yi rubutu ne da TypeScript ko JSX, waɗanda burauza ba ta jin su. Sai tafinta ya juya su zuwa JavaScript. Sai wata manhajar, kamar webpack, ta tattara ɗaruruwan fayiloli ta ɗinke su wuri guda. Sai wata ta matse sakamakon don ya yi sauƙin saukewa: ta kwashe sarari, ta gajarta sunaye, aikin da yaron ya raɗa wa suna lissafaJimla ya koma t, wanda ya kira sunanƊalibi ya koma e. Idan abin ya fashe a wayar mai amfani, saƙon da zai dawo shi ne kuskure a layi na 1, can cikin harafi na dubu ɗari da wani abu, a cikin aikin da ake kira t. Ka gaya mini ƙwarewar da za ta karanta wannan.

Wa ya kawo tazarar? Ba yaron ba ne. Masu firamwok ne suka ce masa ya rubuta da harshensu, ya bi tsarinsu, su za su ji da sauran. Kuma sun yi gaskiya, tsarin yana sauƙaƙa gini ƙwarai. Amma wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Tunda su suka shiga tsakanin mutum da burauzarsa, hakkin nuna masa hanyar komawa yana wuyansu. Wannan shi ne ginshiƙin maganata: kayan gano kuskure bashi ne da firamwok ya ci tun ranar da aka haife shi, biyansa kuma wajibi ne.

Ka ce burauza tana da nata kayan. Tana da su, kuma masu kyau. Sai dai abin da take gani shi ne shafin da aka gama zanawa: ga akwati, ga maɓalli, ga rubutu. Ba ta san cewa akwatunan nan goma guntu ɗaya ne a tunanin wanda ya rubuta su ba, ba ta san wane bayani uwar guntun ta miƙo masa ba, ba ta san dalilin da ya sa aka sake zana shi sau da yawa alhali babu abin da ya canza ba. React yana riƙe da nasa tsarin guntaye a ɓoye, daban da wanda burauza take nunawa. Shi ya sa Facebook, da suka saki React ga jama'a a watan Mayun 2013, ba su cika shekara ba sai da suka fitar da React Developer Tools a farkon 2014. A 2018 suka ƙara masa ma'aunin da ke nuna wane guntu ne yake jan lokaci wajen zane. Vue yana da nasa. Angular ma ya fitar da Angular DevTools a 2021. Mutanen nan gasa suke yi da juna a kan kusan komai, amma duk sun taru a kan wannan batu. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai maganar console.log, wadda ka ɗaga a matsayin sandar mazan jiya. Malam, ita kanta console.log kayan bin diddigin kuskure ce, kuma an yi zamanin da ba a san ta ba. Kai ka fi ni tuna lokacin Internet Explorer 6, lokacin da ake cusa alert a cikin kod, akwati ya faɗo a fuskar allo, a danna, wani ya sake faɗowa, idan kuwa aka yi rashin sa'a aka sa shi cikin zagayen da ba ya ƙarewa sai an kashe burauzar gaba ɗaya. Joe Hewitt ne ya fitar da Firebug a 2006, ƙarin manhaja ga Firefox, kuma ita ce ta yaɗa konsol ɗin da muke taƙama da shi, tare da duba sassan shafi kai tsaye da kallon abin da ke kai-komo tsakanin burauza da saba, wato kwamfutar da ke aiko mata shafin. Burauzoji suka ga amfanin abin suka gina irinsa a jikinsu, har Firebug ta yi ritaya a 2017 da fitowar Firefox 57. Da a 2006 an bi shawarar da kake bayarwa yau, an ce alert ta ishi ƙwararre, da ba ka samu sandar da kake dogarawa ba.

Kuma sandar tana da nata ha'inci. A Chrome, idan ka tura wani tarin bayani ga konsol, sannan daga baya ka danna don buɗe cikinsa, abin da za ka gani shi ne halin da yake ciki a lokacin da ka buɗe, wanda mai yiwuwa ya bambanta da na lokacin da ka tura shi. Idan wani abu ya taɓa shi a tsakani, konsol zai nuna maka sabon hali, kai kuwa kana zaton tsohon kake kallo. Mutane da yawa sun kwana suna bin sawun da ba shi ba saboda wannan. Shingen tsayawa, wanda yake daskarar da manhaja a daidai layin da kake zargi ka duba komai yadda yake a wannan daƙiƙar, ba ya yi maka haka.

Hujjarka da ta fi nauyi ita ce ta ƙarshe, cewa kayan nan suna lalacewa, kuma a nan zan tsaya in daɗe, domin akwai labarin da ya goyi bayanka rabi ya goyi bayana rabi.

A 2006 Google ya fitar da GWT. Alkawarinsa shi ne ka rubuta manhajar burauza da Java, tafinta ya mayar da ita JavaScript. Ga kamfanonin da ma'aikatansu suka ƙware a Java, wannan babbar garaɓasa ce. Amma abin da ya fi jan mutane shi ne yadda ake neman kuskure. Daga GWT 2.0, a ƙarshen 2009, kana sa wa burauzarka wani ɗan fulogin, wato ƙarin manhaja, kod ɗinka na Java ya ci gaba da gudana a matsayin Java na gaskiya, burauza kuma tana nuna sakamakon. Ka dasa shinge a Eclipse, manhajar da kake rubuta kod ɗin a ciki, ka danna maɓalli a shafi, Eclipse ya tsaya cak a layin da ka rubuta, da sunayen da ka raɗa. Tazarar da na ambata ɗazu sai ta zama kamar babu ita.

Matsalar ita ce fulogin ɗin ya dogara ne da hanjin burauza, sassan da masu burauzar ba su taɓa yin alkawarin barin su yadda suke ba. Da Firefox 27 ya fito a watan Fabrairun 2014, ƙofar da fulogin ɗin yake bi ta rufe. Chrome kuma ya kama hanyar raba gari da NPAPI, tsohon tsarin da ake haɗa irin waɗannan fulogin da shi, ya cire shi ɗungurungum a 2015. Aka wayi gari masu aiki da GWT suna ajiye tsohuwar Firefox a kwamfutarsu, suna hana ta sabunta kanta, don kawai su ci gaba da ganin kuskurensu. To ka ga, ka yi gaskiya: kayan sun lalace.

Amma duba abin da ya biyo baya. Ba wanda ya ce a koma console.log a huta. Masu GWT sun riga sun fara gina wata hanya, Super Dev Mode, wadda ta zama hanyar yau da kullum daga GWT 2.7 a ƙarshen 2014. Ita tana juya Java zuwa JavaScript ne a duk lokacin da ka yi gyara, sannan ta haɗa da taswirar tushe, wato fayil ɗin da yake gaya wa burauza cewa wannan wurin a cikin matsattsen kod ya fito ne daga layi kaza na fayil kaza. Masu amfani da yawa sun ji jiki a wannan sauyi, domin sabuwar hanyar ba ta kai tsohuwar daɗi ba, musamman wajen duba ƙimar abubuwa yadda Java take ganinsu. Ba zan ce wannan kaɗai ya rage wa GWT kasuwa ba, a daidai lokacin ne AngularJS da React suke tashe. Abin da labarin ya nuna shi ne mutanen da suka gwammace su zauna da tsohuwar burauza a kan su rasa kayan aikinsu. Wanda ya yi haka ba ado yake karewa ba.

Darasin da na ɗauka daga GWT shi ne a gina kayan a kan ƙasa mai ƙwari. Fulogin ɗin ya mutu saboda ya jingina da abin da kamfani ɗaya zai iya rushewa da safe. Taswirar tushe kuwa, wadda sigarta ta uku ta fito a 2011, ta rayu saboda kowa ya karɓe ta: Chrome da Firefox da Safari suna karanta ta, TypeScript da webpack da sauransu suna rubuta ta. Shekara da shekaru tana tafiya a kan wata takardar yarjejeniya kawai, sai a ƙarshen 2024 hukumar Ecma ta mayar da ita ƙa'ida a hukumance mai lamba ECMA-426. Maganin kayan da suke lalacewa ke nan. Idan rijiya ta rufta, a kan sake haƙa ta ne a yi mata bakin siminti, ba a hana mutanen gari shan ruwa.

Ka kuma raba abu biyu da ba su rabu ba, ka sa gina firamwok a hannun dama, kayan bincike a hannun hagu, kamar kowane awa da aka ba wa ɗaya an ƙwace shi ne daga ɗayan. Tarihin Redux ya ƙaryata wannan. A 2015 Dan Abramov yana shirin gabatar da jawabi a taron React Europe a birnin Paris, a kan yadda mutum zai gyara kod ya ga sakamako nan take ba tare da manhajar ta manta inda take ba, da yadda zai iya komawa baya mataki-mataki ya ga yadda aka yi aka iso ga kuskure. Don ya nuna hakan yana buƙatar tsarin da duk halin manhaja yake zaune wuri guda, kuma ba ya canzawa sai ta hanyar saƙo mai suna wanda za a iya ajiyewa a jere. A wajen ƙera wannan ne Redux ya fito, ya kuma zama ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi bi wajen tsara manhajojin React na tsawon shekaru. Buƙatar ganin kuskure ce ta haifi tsarin ginin. Duk mai firamwok da ya tilasta wa kansa amsa tambayar “yaya mai amfani zai ga abin da ke faruwa a ciki?” yakan ƙare da gini mai tsabta, domin abin da ya cakuɗe ba ya nunuwa.

Wani lokacin ma aikin ba shi da girma. A 2022 masu Chrome da masu Angular suka haɗa kai a kan wani ɗan ƙari ga taswirar tushe, wanda yake ba firamwok damar cewa waɗannan fayilolin nawa ne, a ɓoye su. Kafin nan, idan manhaja ta fashe, jerin ayyukan da suka kira juna har aka kai ga fashewar yakan zo da layuka rututu, kusan duk na cikin firamwok, naka guda biyu ko uku suna maƙale a tsakiya. Bayan ƙarin, naka ne suke fitowa fili. Nawa aka kashe a wannan, idan aka gwada da awannin da ya ceto wa mutane a faɗin duniya?

Yanzu batun ragwanci, wanda shi ne ya fi taɓa ni, domin yaran da kake magana a kansu ina zaune da su. Tsohon makanike da ya ƙware a Fijo 504 yakan kara kunne a injin ya faɗi ciwonta, kuma ba a raina wannan baiwa. Amma kawo masa motar da kwamfuta ke sarrafa man ta da wutarta, shi da kansa zai ce a jona ta a na'ura tukuna. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta su zo da mahaɗar OBD-II, inda ake soka na'urar ta karanto abin da ke damun motar. Wanda ya ƙera mota mai kwamfuta ya kuma hana ta wannan mahaɗa bai koya wa makanike juriya ba. Ya sa shi canje-canjen kayan da lafiyarsu ƙalau ne, mai mota yana biya.

Na taɓa gina wa wata makaranta manhajar duba maki. A kwamfutata komai daidai. Sai malamai suka fara ƙorafi cewa wani lokaci sukan zaɓi aji uku, kan shafin ya rubuta aji uku, amma makin da ke ƙasa na 'yan aji biyu ne. Ba kullum ba, kuma ba a wayar kowa ba. Na cika kod ɗin da console.log, na gwada har na gaji, bai taɓa faruwa a gabana ba. Ranar da na buɗe kayan bincike na burauza na rage saurin intanet da gangan, ya koma irin na unguwar da makarantar take, a gwaji na farko abin ya bayyana. Malami yakan taɓa aji biyu, ya ga ba shi yake so ba, ya yi maza ya taɓa aji uku. Tambayoyi biyu sun tafi saba. A intanet mai sauri amsoshin sukan dawo a jere. A mai rauni kuwa amsar aji biyu takan makara, ta iso daga baya ta danne ta aji uku. Jerin saƙonnin da kayan firamwok suka ajiye ya nuna mini wannan ƙuru-ƙuru: ga wadda ta fara isowa, ga wadda ta biyo ta. Gyaran bai wuce 'yan layuka ba. Da ban ga abin ba, da wani malami ya kwafe makin wani yaro ya rubuta wa wani a takardar sakamako.

Kuma ban fito daga wannan aiki da ƙarancin sani ba. Ranar na fahimci tseren amsoshi fahimtar da karatu bai ba ni ba, domin gani ya kori ji. Wannan ne ya sa nake ganin lissafinka ya juye. Kai da ka shekara ashirin a aikin kana ɗauke da hoton yadda manhaja take gudana a cikin kanka, shi ya sa layi ɗaya na konsol yake isar ka. Yarinyar da ta fara koyo bana a Kano ko Damagaram, wadda ba ta da wani babba a kusa da za ta juya ta tambaya, ba ta da wannan hoto tukuna. Kayan binciken su ne suke zana mata shi. Su ne suke nuna mata cewa guntun nan an sake zana shi saboda uwarsa ta miƙo masa sabon abu, cewa tambayar nan ta tafi sau biyu, cewa shafin da yake tashi kamar walƙiya a kwamfutarta yana rarrafe a ƙaramar wayar Android idan ta jona ta da kebul ta duba daga Chrome. Idan aka cire mata su, ba za ta zama kai ba. Za ta koma lalube cikin duhu, tana canza layi tana gwadawa, har abin ya yi aiki ba ta san dalili ba. Ragwancin da ya kamata ka ji tsoro ke nan.

Na yarda da kai cewa dole a koya wa masu tasowa JavaScript tsantsa da yadda burauza take aiki kafin a ɗora su a kan firamwok. Na kuma yarda akwai hatsari a sakaci da taswirar tushe, domin wanda ya bar ta a buɗe a saba ya ba kowa damar karanta ainihin kod ɗinsa. Waɗannan gargaɗi ne masu kyau ga masu amfani da kayan. Ba su kai su zama dalilin daina ƙera su ba.

Saboda haka kirana ya saɓa da naka. Masu gina firamwok su riƙa fitar da kayan bincike rana ɗaya da sabuwar siga, kada a bar mutane suna jira watanni. Su rubuta saƙon kuskure da zai faɗi abin da ya faru da inda ya faru a cikin kod ɗin mai amfani, kamar yadda Evan Czaplicki ya mayar da hankali a kai a harshen Elm tun 2015. Su jingina da ƙa'idojin da duk burauzoji suka amince da su. Ku kuma 'yan'uwa masu zaɓar firamwok don aikin makaranta ko asibiti ko shago, kafin ku duba saurinsa, ku sa masa kuskure da gangan ku ga abin da zai gaya muku. Idan ya bar ku da layi na 1 da aikin da ake kira t, ku ajiye shi ku nemi wani.